Faifai Sabo, Allo Baƙi: Abin Da Ke Hana Kwamfutocin New Bell Tashi Bayan An Kwafe Su

Da gwanjo da yadudduka aka san kasuwar Nkololoun da ke birnin Duwala, ba da kwamfuta ba. Amma wanda ya leƙa bayan dilolin kaya, ko ya bi lungunan New Bell ya nufi wajen kasuwar Congo, zai tarar da ita ko'ina. Tana shagon mai buga takardu da wanke hoton fasfo, tana ofishin mai fiton kaya daga tashar jiragen ruwan Duwala, tana kan teburin Alhajin da ke aika kaya Ngaundere da Garwa da Marwa har Njamena, wanda duk lissafin bashinsa ke cikin Excel. Galibinsu na hannu ne: HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su a kwantena, suka sauka a bakin kogin Wuri.

New Bell unguwar baƙi ce tun asalinta. Jamusawa ne suka ware ta lokacin da suke tayar da mutanen Duwala daga filayensu na bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a watan Agustan 1914. Daga baya ta cika da Bamileke da Basa da Hausawa da sauran 'yan ci-rani. Cinikin Bahaushen wannan unguwa tun can na nesa ne, kuma na amana: kaya su tafi yau, kuɗi su zo bayan wata biyu. Abin da ke riƙe da irin wannan ciniki shi ne rubutu. A da littafi ne a cikin akwatin ƙarfe, yanzu kuwa faifan kwamfuta ne. Don haka ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, hankalin mai ita ba ya kan na'urar, yana kan sunayen mutanen da yake bi bashi.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Kwamfuta ta yi nauyi, sai an kunna ta an je an sha shayi an dawo kafin ta buɗe. Mai gyara a unguwa, ko a layin masu waya da kwamfuta na Ancien Troisième a Akwa, ya ba da shawara, kuma shawarar daidai ce: a cire tsohon faifai mai juyi, a sa SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai kwamfuta ya yarda, da sharaɗin kada a taɓa masa komai. Yana da dalili. Manhajar lissafi irin su Sage da aka saka masa shekarun baya, ba shi da takardar lasisinta yanzu. Tsohuwar na'urar buga takardunsa da kyar aka samo manhajar da ke tuƙa ta. Sauko da komai daga intanet kuɗi ne da lokaci. Saboda haka sai a kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon, da Clonezilla ko Macrium Reflect ko Acronis. Manhaja ta ce aiki ya kammala. A ɗaure kusoshi, a danna makunni, allo ya tsaya baƙi ƙirin da layi ɗaya na rubutu, ko ya yi shuɗi da wasu lambobi.

A nan ne ake jin maganar da ta fi kowace yin ɓarna a wannan sana'a:

"Alhaji, sai dai a yi fomatin."

"To Malam, lissafin nawa fa?"

Ra'ayina a nan ba shi da kwana. A mafi yawan lokuta wannan hukunci na goge faifan gaba ɗaya kuskure ne. Lissafin Alhaji na nan daram, Windows ɗinsa na nan, abin da ya ɓace ko ya karkace ƙarami ne ƙwarai, sau da yawa bai wuce megabayit 100 ba a cikin faifai mai gigabayit ɗaruruwa.

Abin da ido ba ya gani a cikin faifai

Mai kwamfuta in ya buɗe ta, sashe ɗaya yake gani, wanda ake kira C, sai ya ɗauka shi ne faifan gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Kamar gidan Bahaushe ne: ɗakuna da kaya da mutane duk suna ciki, amma baƙo ba ya faɗawa tsakar gida, a zaure yake sallama a yi masa iso. Kwamfuta in an kunna ta, ba ta san inda Windows yake ba. Ƙaramar manhajar da ke zaune a kan allon uwa ce ke farkawa, ta nemi wani ɗan ɓoyayyen sashe a faifai, shi kuma ya nuna mata hanya. Wanda ya kwafe C kaɗai ya gina gida ne ba zaure.

Tsarin wannan farkawa iri biyu ne, kuma da yawa daga matsalolin New Bell daga haɗuwarsu suke fitowa. Tsohon tsari shi ne BIOS, wanda ya zo da kwamfutar IBM ta 1981, da abokin tafiyarsa MBR da ya biyo baya a 1983. A wannan tsari, bayit 512 na farkon faifai su ne mafari, kuma dole a yi wa sashe ɗaya alamar cewa shi ne mai tayarwa. Ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da 4, ba ya sarrafa faifan da ya wuce terabayit 2. Sabon tsari shi ne UEFI, wanda Intel ya faro, manyan kamfanoni suka kafa masa ƙungiya a 2005, ya kuma game kasuwa bayan fitowar Windows 8 a 2012. Shi yana tafiya da tsarin faifai na GPT, yana kuma neman wani sashe na musamman mai suna EFI, wanda aka tsara da FAT32.

Kwamfutocin da ke shigowa Duwala da yawansu na shekarun da tsarin biyu ke zaune tare ne. Suna iya tashi ta kowanne, gwargwadon yadda aka saita su. Sai ka tarar da na'urar da aka ƙera don UEFI, amma wanda ya fara saka mata Windows a kasuwa ya bi tsohon tsari domin filashinsa haka aka shirya shi. In sabon SSD ya zo da tsarin GPT aka zuba masa kayan MBR, ko aka yi akasin haka, ko aka ɗauki faifan aka kai wata kwamfutar mai saiti daban, ba za ta tashi ba, alhali ko fayil ɗaya bai lalace ba.

Allon yana magana

Kafin a taɓa komai, a karanta abin da allo ya rubuta, a ɗauki hotonsa da waya. Saƙon ya kasu gida uku, kowanne da inda ya nuna.

In HP ta nuna lamba 3F0 ta ce ba ta ga abin tayarwa ba, ko Dell ta ce babu na'urar da za ta tashi da ita, to ko ƙofar Windows ba a kai ba. Ko kwamfutar ba ta ga faifan ba sam, ko ta gan shi amma ba ta sami sashen tayarwa irin wanda take nema ba. In kuwa allo ya yi shuɗi da lamba 0xc000000e ko 0xc000000f ko 0xc0000225, an sami sashen tayarwa, sai dai ɗan kundin da ke cikinsa, wanda ake kira BCD, ya ɓace ko yana nuna faifan da ba ya nan. Na uku shi ne wanda tambarin Windows ke fitowa, ɗigogi su fara zagaye, sannan ta faɗi da rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Wannan Windows ta fara tashi ke nan, amma ta rasa yadda za ta yi magana da sabon faifan.

Matakin farko ba ya buƙatar ilimi, natsuwa kawai yake so: a kashe, a cire tsohon faifan gaba ɗaya, a ajiye shi gefe, a bar sabon shi kaɗai a mazaunin tsohon. Dalilin yana da zurfi. Kowane faifai yana da lambar shaida da Windows ke gane shi da ita, kuma kwafi kacokan yana kwafe har wannan lambar. In faifai biyu masu lamba ɗaya suka haɗu a kwamfuta ɗaya, Windows takan dakatar da ɗaya. In wani ya shiga ya farkar da shi da hannu, sai ta ba shi sabuwar lamba, BCD kuma ya ci gaba da neman tsohuwar. Mark Russinovich na kamfanin Microsoft ya yi bayanin wannan karo tun 2011, amma har yau yana kama mutane.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Wani lokaci kwamfuta takan tashi lafiya lau bayan kwafi, faifai biyun duk suna ciki. Kowa ya yi murna. Ashe ta tsohon faifan take shiga, ko ma tsohuwar Windows ɗin ce ke aiki ba sabuwa ba. Yaron shago, don ya kyautata wa mai kaya, sai ya goge tsohon faifan ya mayar da shi ma'ajiya. Da an sake kunnawa, shiru. Yanzu ba sashen tayarwa, ba kuma asalin da za a koma a sake kwafowa in kwafin ya zo da naƙasa. Sauri ya haifi nawa. Kwafi bai tabbata ba sai sabon faifai ya tayar da kwamfuta shi kaɗai, tsohon yana kan tebur ba a jone ba.

Bayan wannan sai a shiga saitin allon uwa. A Dell F2 ne, a HP F10, a yawancin ThinkPad na Lenovo F1. A duba ko sunan SSD ya bayyana. In bai bayyana ba, maganar ta koma ta ƙarfe: waya ba ta zauna ba, ko an sayi abin da bai dace ba. Ƙananan faifan nan masu kama da tsinken cingam da ake kira M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ramin wata kwamfutar ɗaya kawai yake karɓa ko da ɗayan ya shige ya zauna. In ya bayyana, a duba ko saitin yana kan UEFI ko kan tsohon tsari, a daidaita shi da tsarin faifan, a kuma sa Windows Boot Manager a sahun gaba. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa.

Gina sashen tayarwa

In bai ƙare ba, sai a kawo filashi mai ɗauke da Windows. A tayar da kwamfuta da shi, amma kada a danna sakawa. A danna Shift da F10 tare, baƙar taga ta buɗe. A rubuta diskpart, sannan list disk. Faifan da ke da tauraro a layin GPT, tsarinsa GPT ne. Sai list volume, a nemo ɗan sashen FAT32, a zaɓe shi da select volume da lambarsa, a ba shi harafi da assign letter=S, a fita da exit. Daga nan layi ɗaya ne:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Wannan layin yana sake rubuta kundin tayarwa sabo, yana nuna inda Windows take a yanzu. Abin lura shi ne a cikin wannan taga haruffa kan sauya, Windows na iya komawa D ko E, don haka a tabbatar da dir kafin a rubuta. In sashen EFI babu shi sam, ana iya rage megabayit 100 daga babban sashe, a ƙirƙire shi da create partition efi size=100, a tsara shi da FAT32, sannan a yi bcdboot. Ga faifan MBR, a yi wa sashen tayarwa alama da active, a canza ƙarshen layin zuwa BIOS, in ya kama a ƙara da bootrec /fixmbr. Masu gyara da yawa sun haddace bootrec /fixboot tun zamanin Windows 7, kuma a sabbin kwamfutocin UEFI yakan ce an hana shiga, sai su ɗauka faifan ne ya mutu. Ba mutuwa ya yi ba, umarnin ne bai dace da wurin ba.

Kalma ɗaya ce a cikin diskpart da ya kamata maigida ya hana yaronsa rubutawa sai yana tsaye a kansa: clean. Ba ta tambaya, ba ta jira, takan share taswirar duk faifan da aka zaɓa nan take.

Wani abu da littattafan waje ba sa kawowa, amma duk mai gyara a Duwala ya san shi, shi ne madannai. Kwamfutar da ta fito Faransa ko Beljiyam tana da jerin AZERTY, ta Amurka ko wadda ta biyo ta Najeriya QWERTY, filashin gyara kuma yana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Ka danna A ta rubuta Q, ka nemi karkatacciyar sandar nan ta cikin C:\Windows ka rasa. A AZERTY na Faransa tana kan AltGr da 8. Mutum zai iya rubuta umarni daidai a zuciyarsa, allo ya karɓi wani abu daban, ya yanke ƙauna a banza. A zaɓi jerin madannai daidai tun a shafin farko na filashin.

Matsala ta uku, wadda Windows ke faɗuwa a tsakiyar tashi, yawanci daga saitin yadda allon uwa ke magana da faifai take. Kwamfutocin Dell da yawa suna zuwa a kan RAID, wasu a kan AHCI, kuma Windows ta saba da wanda aka saka ta a kansa. In an canza, a mayar. In kuma ƙaura aka yi daga SATA zuwa NVMe, tayar da ita sau ɗaya a yanayin kariya, wanda ake samu ta shafin gyara, yakan sa ta ɗauki manhajar tuƙin da take buƙata, ta tashi daidai daga baya. Windows 7 ita ba ta san NVMe ba sai an ƙara mata gyara na musamman, kuma har yanzu ana samun ta a shagunan buga takardu.

Abin da Duwala ke ƙarawa

Wuta ce ta farko. Kwafar faifai mai gigabayit 500 ta cikin ɗan akwatin USB na iya cin sa'o'i, kuma ɗaukewar wuta na daƙiƙa ɗaya ta isa ta bar kwafi rabi. Kwamfutar tebur ba a kwafe ta sai da na'urar riƙe wuta, ta hannu kuma sai batirinta na da rai. Shi kansa akwatin USB ɗin yana da nasa hali: wasu suna nuna faifai da ma'aunin bayit 4096 a maimakon 512, sai a yi kwafi lafiya, a cire faifan a sa cikin kwamfuta, taswirarsa ta zama shirme. Kuma gwada tayar da Windows alhali sabon faifan na rataye a USB ba gwaji ba ne, don a al'ada ba ta tashi ta nan.

Na biyu ɗan batir ne mai faɗin kwabo, CR2032, da ke kan allon uwa yana riƙe agogo da saiti. Kwamfutar da ta shekara goma, sau da yawa nata ya riga ya mutu. Muddin tana jone da wuta ba za a gane ba. Mai gyara ya daidaita saiti, ta tashi, Alhaji ya biya ya hau babur ya kai ta shago, ya kunna, saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, allo ya yi baƙi. Ko ta yi kwanaki tana aiki, ranar da aka ɗauke wuta ta ƙi tashi. Daga nan zargi ya shiga tsakanin mutanen da suke sallah a sahu ɗaya, alhali laifin na batirin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba ne. Alamarsa a bayyane take: kwanan wata ya koma shekarun baya.

Na uku tsohon faifan ne da kansa. Garin da ruwan samansa ke wuce milimita 3,000 a shekara, ga zafi ga laima ga ƙura, ba ya raga wa na'ura mai juyi. Sau da yawa nauyin da ya sa aka nemi SSD ba tsufan kwamfuta ba ne, faifan ne ke mutuwa a hankali. Kwafar irin wannan na kwaso fayilolin Windows da ramuka a cikinsu, kuma wahalar karatun na iya ƙarasa shi. Manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa cikin minti ɗaya. In ta nuna gargaɗi, a fara kwashe takardu da lissafi da hotuna zuwa wani wuri da hannu, sannan a yi maganar kwafi, kuma da ddrescue, wadda aka yi don faifai mai ciwo.

Sabon faifan ma abin dubawa ne. Faifai mai gigabayit 256 yakan nuna kusan 238 a Windows, mai 500 ya nuna 465, wannan bambancin ƙidaya ne kawai. Amma akwai jabu a kasuwannin duniya, waɗanda ke ikirarin girman da ba su da shi, su karɓi kaya har su wuce iyakarsu ta gaskiya suna zubarwa ba tare da sun faɗa ba. H2testw tana cika faifai ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Gwajin na cin lokaci, amma ya fi a gano bayan wata uku.

Sai BitLocker, wanda ke ƙara yawa a sabbin kwamfutoci. In faifai a kulle yake da shi, canjin na'ura ko na saiti na iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi, kuma a unguwanninmu wannan asusun sau da yawa wani yaro ne ya buɗe shi a ranar saye, ba wanda ya rubuta kalmar sirrinsa. Ba mai gyaran da zai iya fasa wannan kulle, a Akwa ko a Dubai. A nemo mabuɗin a rubuta a takarda, ko a dakatar da kullen, tun kafin a kwance kusa ɗaya.

Wannan aiki zai ƙaru ne, ba raguwa zai yi ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0. Kamfanonin Turai na sauke kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba, kuma sananne ne inda irinsu ke ƙarewa. Masu son hawa sabuwar Windows da tsohon faifan MBR suna da mbr2gpt, wanda ke cikin Windows 10 tun 2017, yana juya tsarin ba tare da goge kaya ba. Amma bayan juyawar dole a shiga saiti a koma UEFI, in ba haka ba allon nan baƙi zai dawo.

Saura maganar tsohon faifai bayan komai ya daidaita. Al'ada ce mai gyara ya ce a bar masa shi a rage kuɗin aiki, kuma ba da mugun nufi ba, sayar da shi zai yi ga wani. Ni ban ga hikimar yarda a ranar ba. A cikinsa akwai hoton katin shaida da fasfo na duk wanda aka taɓa buga wa takarda, da lambobin abokan ciniki, da hotunan iyali, kuma fomatin na gaggawa ba ya share su, manhajar dawo da fayil tana fito da su. Mai kwamfuta ya karɓi abinsa, ya rubuta kwanan wata a jikinsa, ya sa a leda mai rufewa saboda laima, ya ajiye a gida ba a shago ba. Ya yi wata guda yana aiki da sabon, ya buɗe manhajar lissafi, ya buga takarda, ya ga an ɗauke wuta an dawo da ita kwamfuta ta tashi. Bayan haka, in yana son sayarwa, a yi masa cikakkiyar gogewa wadda ke rubuta sifili a kan kowane gurbi, yana zaune yana kallo.